Furuci da Kawaici: Matsalar Wakilci a Finafinai Masu Zaman Kansu a kan Samari Masu Son Jinsinsu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan finafinai masu zaman kansu, wato waɗanda ake shiryawa da ɗan ƙaramin jari a wajen manyan kamfanonin Hollywood, akwai wani reshe da ya yi ƙarfi tun daga tsakiyar shekarun 1990, wanda jigonsa shi ne saurayi ya gane cewa zuciyarsa ga maza 'yan'uwansa take karkata, sannan ya tunkari ranar da zai bayyana hakan ga iyayensa ko abokansa. Manazarta a Amurka da Ingila sun daɗe suna ƙorafin cewa tauraron irin waɗannan finafinai kusan kullum farar fata ne, ɗan masu hali, mai jin Turanci, kuma lafiyayye. Maganin da aka fi bayarwa shi ne a ƙara yawan baƙaƙen fata da 'yan Asiya da talakawa da naƙasassu a kan allo, ta yadda kowa zai ga mai kama da shi.

Wannan maƙala ba ta shiga muhawarar halasci ko haramci ba, domin addini da doka sun riga sun yi magana a kai, kuma mai karatu ya san matsayinsu. Abin da za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙirga fuskoki ma'auni ne da bai wadatar ba wajen auna wakilci a wannan reshe. Dalili kuwa, ƙashin bayan labarin magana ce da wani ya furta ga wani, kuma kowace magana tana da harshen da aka yi ta da shi da kuma ladubban da suka yarda a yi ta. Idan aka sauya fuskar tauraro aka bar masa bakin wani, to da sauran aiki.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a je ko'ina, dole ne a tsaya a kan kalmomin da za a yi amfani da su, domin a nan ne matsalar ta fara. Kalmar "luwaɗi" ta shigo Hausa daga Larabci, asalinta kuma sunan Annabi Luɗu ne da ƙissar mutanensa. Aiki take ambata, kuma tana tafe da hukuncinta a cikinta. Shi kuwa "ɗan daudu" ya fi nuni ga ɗabi'a da sana'a, kamar kwaikwayon maganar mata da rangwaɗa da sayar da abinci a tasha, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Gaudio (2009), wanda ya yi bincikensa a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa su kansu mutanen da abin ya shafa sukan ce "masu harka", wato sun zaɓi kalmar da ke rufe ma'ana ga bare tana buɗe ta ga na gida.

Kalmar Turanci ta gay daban take da duk waɗannan, domin suna ce ta mutum, wadda mai ita zai iya ɗauka ya gabatar da kansa da ita. Bahaushe yana cewa "ni malami ne" ko "ni Bakatsine ne", amma idan ya sa kalmar luwaɗi a wannan gurbi, jumlar ta tashi daga gabatar da kai ta koma amsa laifi a gaban alƙali. Wato ke nan jumlar da finafinan nan suka ɗoru a kanta ba ta da takwara a Hausa da za ta yi aikin da take yi a Turanci. Zai kyautu masu nazarin Yarbanci da Igbo da Tibi su gwada ta a nasu harsunan. A nan za a riƙa cewa "masu son jinsinsu", duk da nauyin da yake da shi a baki, sannan a kira fagen bayyana kai "furuci".

3.0 Yadda Aka Kafa Tsarin Furuci

Daga 1934 har zuwa 1968 ƙa'idojin tace finafinai na Hollywood, waɗanda aka sani da sunan Hays, sun takura nuna irin waɗannan mutane a fili, kuma Russo (1981) ya tattara misalan yadda ake sakaya su a matsayin abin dariya ko mugaye ko waɗanda za su mutu kafin a tashi. A 1992 B. Ruby Rich ta ja hankali ga wani sabon ayari na finafinai masu zaman kansu da suka yi wa wannan al'ada tawaye. Abin lura shi ne, a wancan ayari akwai baƙaƙen fata a sahun gaba, irin su Marlon Riggs mai Tongues Untied (1989) da Isaac Julien mai Young Soul Rebels (1991), kuma ba su cika damuwa da neman yardar iyaye ba. Sai da ƙurar ta lafa ne aka sami finafinai masu sanyi, masu kyakkyawan ƙarshe, waɗanda suka fi karɓuwa a kasuwa. Tare da wannan karɓuwa fagen ya ƙuntata.

Fim ɗin Get Real (1998) na Simon Shore shi ne misali mafi bayyana. Steven, ɗan makarantar sakandare a garin Basingstoke na Ingila, ya hau dandamali ranar rabon kyaututtuka, a gaban malamai da ɗalibai da iyayensa, ya faɗi ko shi wane ne. Duk abin da ya gabata a fim ɗin share fage ne ga wannan jawabi. A Edge of Seventeen (1998), wanda aka gina labarinsa a Ohio ta 1984, furucin ya koma cikin falo, tsakanin Eric da mahaifiyarsa, amma tsarin bai sauya ba: ɓoyo, sannan ƙunci, sannan jumla guda, sannan sauƙi. Ya kamata a yi wa waɗannan finafinai adalci. Lokacin da aka shirya Get Real, sashe na 28 na dokar ƙananan hukumomi ta 1988, wanda ya hana hukumomin tallata wannan al'amari, yana nan da ƙarfinsa a Ingila, ba a kuma soke shi ba sai 2003. Saboda haka yaron da ya tsaya a zauren makaranta ya yi wannan jawabi ba ƙaramin abu ya yi ba a idon masu kallo na lokacin.

Masu nazarin harshe za su gane wannan fage nan take. Austin (1962) ya bambanta maganar da ke ba da labari da maganar da ita kanta aiki ce, kamar ɗaura aure ko raɗa suna ko saki, kuma Chirrey (2003) ta ɗora furucin da muke magana a kai bisa wannan ma'auni. Sai dai Austin ya gindaya sharuɗɗa: magana ba ta zama aiki sai an yi ta a inda ya dace, daga bakin wanda ya cancanta, ga wanda al'ada ta tanada ya saurara. Sharuɗɗan furucin Steven su ne a sami kalmar da mutum zai kira kansa da ita, a sami gidan da ɗa ke duban idon mahaifinsa ya yi masa zancen sha'awa, a kuma sami al'ummar da ta ɗauki faɗin abin da ke cikin zuciya a matsayin cikar gaskiya. A gidajen da ɗa ba ya ko ambatar budurwarsa a gaban uba sai ta bakin kawu ko aminin uban, sharaɗi na biyu ya rushe tun kafin a kai ga batun jinsi.

Beautiful Thing (1996) na Hettie Macdonald ya ɗan kauce wa wannan layi, shi ya sa a ganina ya fi sauran daɗewa. Jamie da Ste 'ya'yan talakawa ne a rukunin gidajen gwamnati na Thamesmead a kudu maso gabashin Landan, kuma karin harshensu na unguwar ne, ba na makaranta ba. Jamie bai shirya jawabi ba. Mahaifiyarsa Sandra ce ta bi sawunsa ta tsare shi da tambaya. Shi kuwa Ste, wanda ubansa da wansa ke jibgarsa ko ba dalili, har fim ya ƙare bai ce musu komai ba, kuma fim ɗin bai zarge shi da ragonta ba. Inda ya gaza shi ne Leah, baƙar yarinyar maƙwabta, wadda aka bar wa aikin ba da dariya.

Akwai kuma wani ruɗu da ya kamata a kawar, wato ɗaukar yawan harsuna a matsayin yawan wakilci. A Call Me by Your Name (2017) na Luca Guadagnino ana jin Turanci da Italiyanci da Faransanci a kan teburi ɗaya, a wani gida na arewacin Italiya a 1983. Amma duk masu jujjuya harsunan nan 'yan aji ɗaya ne, iyalin farfesa da baƙinsu, masu aikin gidan kuwa suna gefe da tukwane da lambu. Furucin ma bai ɓace ba, komawa ya yi bakin uban, wanda ya zaunar da Elio ya yi masa doguwar magana mai taushi. Magana ce mai kyau, amma irin uban da ke yin ta ba ya da yawa ko a Italiya.

4.0 Inda Kawaici Ya Karɓi Fage

Tun a 1993 Ang Lee ya nuna wata hanyar daban a The Wedding Banquet, fim ɗin da jarinsa bai wuce dala miliyan 1 ba, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a shekarar. Wai-Tung ɗan Taiwan ne da ke zaune a New York tare da abokin zamansa Simon, Ba'amurke. Don ya huta da matsin iyayensa ya shirya auren bogi da Wei-Wei, wadda ke neman takardar zama, sai ga iyayen sun iso biki. Wata rana faɗa ya kaure a kan teburin cin abinci, matasan uku suka amayar da komai da Turanci a gaban tsofaffin, bisa zaton ba sa ji. Daga baya Wai-Tung ya yi wa mahaifiyarsa furuci a asibiti, ita kuma ta roƙe shi kada uban ya sani. Ashe uban, tsohon hafsan soja, yana jin Turanci daidai gwargwado. Bai tunkari ɗansa ba ko sau ɗaya. Simon ya keɓe, ya miƙa masa jar ambulan ta kuɗi irin wadda al'adarsu ta tanada a ba wanda ya shigo dangi, ya nuna masa ya karɓe shi, ya kuma nemi abin ya tsaya tsakaninsu. Dalilinsa na gaskiya, wato son samun jika, da Sinanci ya faɗe shi, harshen da Simon ba ya ji sosai.

A nan kowa ya sani, kowa kuma yana kare wani daga sanin cewa ya sani. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan, domin kawaici da kara da alkunya duk a kan haka suka ginu. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba mantuwa ta yi da sunan ba. Decena (2011), a bincikensa kan 'yan Jamhuriyar Dominika mazauna New York, ya aro wa wannan hali suna daga nahawun Sifaniyanci, inda ake iya barin aikau a ɓoye saboda siffar aikatau ta riga ta nuna shi. Hausa ma tana da makamancin haka: idan aka ce "ya dawo", ba a ambaci kowa ba, amma zagin aikatau ya faɗi jinsi da adadi, mahallin zance kuma ya cike sauran. Wanda ya ce jumlar ba ta da aikau don bai ga suna ba, bai san harshen ba ne. Haka nan wanda ya ce Wai-Tung da mahaifinsa ba su fahimci juna ba don bai ji furuci ba. Nakan ga wannan a aji, inda mafi yawan ɗalibaina ba Hausawa ba ne: abin da ke ba su wahala a wasan kwaikwayon Hausa shi ne gane inda shirun ɗan wasa yake nufin amincewa da inda yake nufin fushi.

Spa Night (2016) na Andrew Ahn ya bi wannan sawu a unguwar 'yan Koriya ta Los Angeles. Gidan abincin iyayen David ya durƙushe, uban ya faɗa shaye-shaye, uwar ta koma aiki a ƙarƙashin wata, duk da haka suna ƙoƙarin biya masa kuɗin darasin shiga jami'a. Shi kuma ya kama aiki a gidan wankan maza, inda ya fara gane kansa. A gida Koriyanci ake yi, da dukkan matakan girmamawarsa. David bai yi furuci ba har ƙarshe, kuma mai kallo ya ga dalili: a gidan da ake lissafin kuɗin haya, ƙara wa uwa wani nauyin ba ya kama da 'yanci a idonsa.

Kada a ɗauka kawaici na waɗanda ba Turawa ba ne kaɗai. God's Own Country (2017) na Francis Lee labarin Johnny ne, makiyayin tumaki a Yorkshire, da Gheorghe, ɗan Romaniya da ya zo ƙwadago. Mutanen gidan Turawan Ingila ne, amma maganarsu ta yini ba ta wuce umurni da gunaguni. Kakar ta gano, ta haɗiye. Uban, wanda shanyewar jiki ta rage masa magana, bai yi jawabi ba. Wannan ya nuna cewa tsarin furuci na wani aji ne da wani irin ilimi, fiye da yadda yake na wani launin fata.

Moonlight (2016) na Barry Jenkins shi ne wanda aka fi kafa hujja da shi idan ana zancen wakilci, saboda baƙaƙen fata ne 'yan wasansa, jarinsa kimanin dala miliyan 1.5, ya kuma ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2017. Jenkins da Tarell Alvin McCraney, wanda daga wasansa aka ciro labarin, duk a unguwar Liberty City ta Miami suka tashi, kuma iyayensu mata duk sun yi fama da ƙwaya. Amma idan launin fata kaɗai aka gani, an rasa rabin aikin. An kasa fim ɗin uku, kowane kashi da sunan da ake kiran tauraron: Little, Chiron, Black. Na farko laƙabin raini ne na yara, na uku kuma Kevin ne ya laƙaba masa. Wato kullum wasu ke raɗa masa suna. A kashi na farko, maimakon yaron ya faɗi ko shi wane ne, tambaya ya yi. Ya tambayi Juan, dillalin ƙwaya ɗan asalin Kuba da ya zame masa uba, ma'anar zagin da ake yi masa, ya kuma tambaya ko shi ɗin haka yake. Ke nan kalmar ta riga shi isowa, kuma a matsayin zagi ta iso, kamar yadda lamarin zai kasance ga yaron da ya tashi da Hausa. A kashi na uku, bayan ya zama ƙato mai haƙoran zinariya a Atlanta, ya dawo wurin Kevin, wanda ya dafa masa abinci. Abin da ya iya faɗa a ƙarshe labarin abin da ya faru ne, cewa babu wanda ya taɓa shi tun bayan Kevin. Bai yi amfani da kalmar suna ba, kuma mutum ɗaya ya gaya wa, a cikin ɗaki. A nan ne fim ɗin ya bambanta da Get Real, fiye da bambancin fuska.

Naz & Maalik (2015) na Jay Dockendorf ya cika duk sharuɗɗan masu ƙirga: samari biyu baƙaƙe, Musulmi, a Brooklyn. Dabarar labarin ma mai kyau ce, domin ƙaryar da suka yi don ɓoye alaƙarsu ita ce ta jawo musu zargin jami'ar FBI. Amma a ganina addinin ya tsaya a hula da sallama da shiga masallaci, bai ratsa yadda suke tunani da magana ba, kuma iyayensu, waɗanda su ne tushen tsoron, kusan ba a ji bakinsu ba.

5.0 Finafinan Afirka

Dakan (1997) na Mohamed Camara, ɗan ƙasar Gini, an nuna shi a bikin Cannes, kuma ana lissafa shi a matsayin na farko daga Afirka ta Yamma da ya ɗauki wannan jigo kai tsaye. Gwamnatin ƙasar ta janye tallafinta da ta ji abin da ya ƙunsa, Camara da kansa kuma ya fito a matsayin mahaifin ɗaya daga cikin samarin. Manga da Sory sun gaya wa iyayensu, wato fim ɗin ya aro tsarin furuci, amma martanin na gida ne: mahaifiyar Manga ta ɗauki abin a matsayin ciwo ta kai shi wurin mai magani, mahaifin Sory kuma, attajiri, ya dubi gado da zuriya ya nema masa aure. Magana ta fita amma ba ta yi aikin da take yi a Basingstoke ba, domin masu sauraro ba su karɓe ta a matsayin bayanin ko wane ne ɗansu ba.

Inxeba (2017) na John Trengove, daga Afirka ta Kudu, shi ne ya haɗa tsarin biyu gaba da gaba, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. An gina labarin a sansanin kaciyar 'yan ƙabilar Xhosa, inda samari ke keɓewa a daji na wasu makonni kafin a kira su maza. Xolani, leburan masana'anta, yana zuwa duk shekara a matsayin mai jinyar sababbin kaciya, amma abin da ke kawo shi shi ne Vija, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda suka daɗe suna tare a ɓoye. Yaron da aka damƙa wa Xolani, Kwanda, ɗan attajiri ne daga Johannesburg, bakinsa ya fi sabawa da Turanci, sauran yaran kuma suna yi masa ba'a a kan haka. Kwanda ya gano sirrin, ya shiga matsa wa Xolani ya daina ƙaryar rayuwa. A taƙaice, tauraron Get Real ne aka ɗauko aka ajiye a tsakiyar mutanen da kawaici ne garkuwarsu. Yana da gaskiya a abubuwa da dama, amma yana da motar da za ta mai da shi birni, Xolani da Vija kuwa nan ne duniyarsu. A ƙarshe Xolani ya halaka yaron don ya kare sirrin.

Wannan ƙarshe ya isa ya hana mu yi wa kawaici kirari. Shirun da ya haɗa iyalin Wai-Tung shi ne ya ci ran Kwanda, kuma duk nazarin da ya nuna kyawun ɗayan ya rufe ido ga ɗayan ya yi son zuciya. Daɗin daɗawa, shi kansa fim ɗin furuci ne da aka yi a madadin al'umma ba tare da izininta ba. Sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin Xhosa sun yi zanga-zanga cewa an tona asirin kaciya, wanda al'ada ta hana a faɗa wa mata da marasa kaciya. A Fabrairun 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta hukumar tace finafinai ta sanya shi a rukunin X18, na finafinan batsa, wanda ya fitar da shi daga gidajen silima, kafin babbar kotu a Pretoria ta soke hukuncin a Yunin shekarar. Nakhane, wanda ya fito a matsayin Xolani, ya sha barazanar kisa. Trengove farar fata ne, ko da yake ya rubuta labarin tare da Thando Mgqolozana da Malusi Bengu. Tambayar wa ke da bakin magana a kan wa, wadda masu ƙirga fuskoki kan tsallake, a nan ta fito ƙarara, kuma ba na jin ɓangare ɗaya ya cinye gaskiyar.

A Nijeriya, dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu nuna irin wannan alaƙa a bainar jama'a ko kafa ƙungiya, ban da dokokin shari'a na jihohin Arewa. A irin wannan yanayi furuci shaida ce a kan kai, don haka ba abin mamaki ba ne da finafinan Legas suka maye gurbinsa da tonon asiri. A We Don't Live Here Anymore (2018) na Tope Oshin kama ɗaliban biyu aka yi, daga nan labarin ya koma hannun iyayensu mata, inda mai kuɗin ta yi amfani da hanyarta ta wanke ɗanta ta jingina laifin ga ɗan marar galihu. Fim ɗin ya gane cewa aji ne ke yanke wanda zai tsira, amma samarin kansu ba su sami bakin magana sosai ba. All the Colours of the World Are Between Black and White (2023) na Babatunde Apalowo, wanda ya ci kyautar Teddy a Berlin, ya bi hanyar Moonlight: Bambino mai kai saƙo a babur da Bawa mai ɗaukar hoto suna zagaya Legas, magana kaɗan, kallo da yawa. A finafinan Hausa kuwa ɗan daudu ya daɗe yana fitowa, kamar a Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, da habaici da karin magana da tafa hannu, sai dai an ba shi fagen ne don a yi dariya, wato matsayin da Russo ya bayyana a Hollywood ta da.

Saura batun masu kallo. Yawancin finafinan da aka ambata a wannan sashe sun fara samun suna ne a bukukuwan Turai da Amurka, wurin mutanen da ke karanta fassara a ƙasan allo. Fassarar nan layi biyu ce da ke wucewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba ta da wurin ɗaukar matakan girmamawa da David ke amfani da su ga iyayensa, waɗanda Turanci ke tattarawa a wakilin suna guda. A Inxeba, sauyawar da Kwanda ke yi daga Xhosa zuwa Turanci ita ce ke nuna lokacin da ya ja da baya daga sansanin ya koma ɗan birni, kuma Bakhose mai kallo yana jin wannan a kunnensa kafin ya fahimci abin da aka faɗa. Wanda ya kalli fim ɗin a Faransa, inda aka fitar da shi da sunan Les Initiés, rubutu iri ɗaya yake gani a ƙasan allo, ko Kwanda ne ke magana ko Vija.